Ciyar da Suruki a Bayan Atamfa

Ƙarnin sotong ne ke fara yi wa mutum sannu da zuwa a gidan kifayen da nake aiki. Ba ƙofar da kuke shiga nake nufi ba, inda hasken shuɗi ke rawa a bango kamar an jiƙa sararin samaniya an shanya. Ƙofar baya nake nufi, wadda ke kusa da wurin tsayawar motar shara. Daga nan matakala ce za ta sauke ka kicin, inda ake fito da abincin dabbobi daga firiza tun bakwai na safe. Sotong wata halittar teku ce fara, mai santsi, mai hannuwa barkatai. Mutanen Malesiya suna soya ta da yaji su ci da shinkafa, mu kuma muna yanka ta gutsi-gutsi mu ba waɗanda suka fi mu iya iyo. Ƙarninta in ya shiga mayafi, to ya samu gida. Akwai ranar da wata tsohuwa a jirgin ƙasan da nake hawa zuwa Pantai Dalam ta buɗe jakarta har sau uku tana neman abin da ya lalace, ni kuma ina gefenta ina taya ta nema da ido.

Ku nake ba wa wannan labari, ƙannena ɗalibai, masu zuwa ranar Asabar ku same ni a gaban babban tanki da makirfo a gefen baki, ku ce, "Anti Rabi, ke kam kin more. Kallon kifi kawai, a cikin sanyi." Wasunku har sun ce in nema musu gurbi lokacin hutu. Zan nema. Amma ku fara jin abin da ke bayan gilashin.

Ni 'yar Ringim ce. Kafin in zo ƙasar nan karatun digiri na biyu a fannin halittu, babban ruwan da na sani shi ne kogin garinmu, shi ma daga kan gada. Na fara zuwa gidan kifayen a matsayin 'yar sa-kai, ina tsammanin za a ba ni kujera in zauna ina duban halittu ina tunanin ikon Allah. Sai aka damƙa ni a hannun Pak Mat. "Pak" a bakinsu kamar "Baba" ne a namu. Gajeren dattijo ne mai takalmin roba har gwiwa, wanda ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, kuma ba ya kashe kalma biyu inda ɗaya za ta isa. Ya dube ni daga mayafi zuwa takalmi, ya miƙo mini buroshi da bokiti, ya ce da kura-kura zan fara.

Na bi shi ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da ya buɗe ƙofa sai na ga 'yan kunkuraye na ruwan daɗi sun hau kan juna a bisa wani gungume, suna shan ɗumin fitila. Ashe sunan kunkuru ke nan a harshensu. Da yamma na kira Mama, ina so in nuna mata na fara jin yaren mutane, na ce an sa ni kula da kura-kura.

"Kura?" in ji Mama. "Har biyu?"

Kafin in yi bayani layi ya katse. Gari na wayewa na tarar da saƙon murya daga Kawu Sale, mai tsawon minti shida, yana tuna mini cewa zuri'armu malamai ne da masaƙa, ba a taɓa samun gardi a cikinta ba, balle mace. Sai da na ɗauki bidiyon kunkuru yana cin latas na tura. Mama ta kalla, ta ce wannan ta gan shi, yanzu a nuna mata kurar.

Wanke tanki shi ne karatun farko. Kowane tanki yana da buroshinsa, da 'yar komarsa, da bokitinsa mai alamar fenti, kuma ba a aron na wani, domin cuta a jikin kaya take tafiya. A bakin kowace ƙofa akwai tire na ruwan magani da za ka taka kafin ka shiga. Akwai ma'aunin gishiri, wani ɗan bututu da ake ɗiga wa ruwa a leƙa ta ciki da ido ɗaya kamar mai duban wata. Akwai sikeli, da wuƙaƙe, da dogon hantsaki na miƙa abinci ga masu cizo. Ana yanka abinci daidai bakin mai ci. Ana tura ƙwayar magani a cikin kan ƙaramin kifi kafin a ba kifin shak, kamar yadda ake ɓoye wa yaro magani a cikin tuwo, sai dai wannan yaron in ya gane ba kuka zai yi ba. Pak Mat yakan ce mu ba kifi muke kiwo ba, ruwa muke kiwo, kifin baƙo ne kawai a ciki. Yana iya shigowa ɗaki ya karkata kai, ya ce injin na uku yana tari, a duba a ga haka ne.

Ni matsalata ita ce kallo. A makona na biyu na sa tiyo a tanki, sai wani faffaɗan kifi mai fukafukai ya zo wucewa a hankali, kamar shafin littafi da iska ke juyawa. Na tsaya ina neman kalmar da ta dace da shi. Lokacin da na samu kalmar, ruwa ya kai ƙofar ofishin manaja. Sai ga Pak Mat. Ya miƙo mini abin goge ƙasa, ya ɗauki kofin shayinsa daga kan benci don kada in fantsama masa.

Da na gama karatu aka ɗauke ni aiki a sashen ilimantarwa, wato wannan tsayuwar da kuke gani. Aikin shi ne a kawo maka yara arba'in da suka sha zaƙi a mota, ka sa su damu da teku cikin minti ashirin. Ina da kwalba cike da ruwa da farar leda a ciki. Nakan juya ta a gaban fitila, ledar ta buɗe tana lilo, in tambaye su mece ce wannan. Sai su ce obor-obor, wata halitta mai kama da farar lema marar ƙashi, wadda kunkurun teku ke so. In ce to shi ma haka yake zato. Daga nan sai tambayoyi. An tambaye ni ko kifi yana jin ƙishirwa. Wata yarinya 'yar Hausawa, haifaffiyar nan, ta tambaye ni ko alwalar kifi tana karyewa, tunda kullum yana cikin ruwa. Manyanmu kuwa tambayarsu ɗaya ce, ko daga Kano suka zo ko daga Sakkwato: "Ana ci?" Wani Alhaji da ya zo bikin kammala karatun ɗansa ya saurari jawabina kan ƙarewar manyan kifaye a duniya yana gyaɗa kai cikin jimami, da na gama ya nuna mafi girma a cikinsu ya ce kan wannan kaɗai ya isa farfesun gidan suna.

Sai shekarar korona ta zo, aka rufe ƙofar gaba. Doguwar hanyar gilashin nan da kuke bi kifaye na wucewa ta samanku ta yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin injuna. Amma kifi bai san an kulle gari ba. Aka raba ma'aikata gida biyu, don in cuta ta kama wasu a samu masu ciyarwa. Mu 'yan ilimantarwa, da ba mu da wanda za mu ilimantar, aka rarraba mu. Ni aka mayar da ni hannun Pak Mat, a ɗakin jinya. Ina da takardar izinin fita, kuma akwai ɗan sandan da ya karanta ta a shinge ya tambaye ni tun yaushe kifi ya zama aikin gaggawa. Na ce masa su ba su iya zuwa kanti su yi tapau, wato a ƙunshe musu abinci, su koma gida su ci ba. Ya ba ni hanya.

A cikin wannan kullen ne masunta suka tsinto wani kunkurun teku yana yawo a saman ruwa, aka kawo mana shi a bayan mota, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul. Girmansa kamar babban tiren shan ruwa na azumi. Bayansa launin ƙasa ne da zane-zane kamar an ɗiga zuma a kan kwano. Da aka sa shi a tanki sai kansa ya yi ƙasa, ƙugunsa ya taso sama, kamar mai neman ɗan kunne a ƙarƙashin gado. Likitarmu, Dakta Lim, siririyar mace mai saurin magana wadda ba ta yarda da abin da ba ta auna ba, ta ɗauki hoton cikinsa. Leda ce ta toshe hanji, iska ta taru a baya, shi ya sa ba ya iya nutsewa. Kunkurun da ba ya nutsewa kuwa ba ya kiwo, ba ya tsere wa jirgin ruwa.

Ciyar da marar lafiya yana da tsari. Ƙarfe goma muke taruwa a bakin tankinsa mu biyar: Dakta Lim da allon rubutunta, mataimakiyarta da tocila, Pak Mat da dogon hantsaki, wani ma'aikaci da agogo, ni kuma da kwanon sotong. Kowa da takunkumi a fuska, idanu goma zuru a kan halitta ɗaya. Pak Mat zai kaɗa gutsuren a gaban hancinsa. Shi kuma sai ya tuƙa da hannu ɗaya, a hankali, har ya fuskanci bango, ya bar mu da ɓangaren da ke sama. Kwana tara muna haka.

Ranar Laraba Dakta Lim ta zaunar da mu ta faɗi yadda abin yake. Motar hukuma da ke mayar da waɗanda suka warke cikin teku za ta zo nan da mako shida, kuma da wannan kulle ba wanda ya san ranar da za ta sake zuwa. Kafin ya shiga motar sai ya ci da kansa, ya fitar da ledar, ya nutse. In Litinin ta zo bai ci ba, za ta fara zura masa abinci ta tiyo a maƙogwaro. Ta ce ta sha gani, wanda mutum uku ke dannewa kullum ana ɗura masa yana daɗewa bai koma ci da kansa ba, kuma motar ba za ta jira shi ba. Ƙarshenta sai a kai shi babban tanki, ya yi ta zagaya gilashi ana ɗaukarsa hoto. Su kuwa suna kai shekarun dattijo.

Ban yi niyyar magana ba. Ina dai kallon bayansa ne, sai na ji bakina ya ce wannan kamar Babana yake a gidan kakata.

Duk suka juyo, dole na yi bayani. Na ce a wajenmu suruki ba ya cin abinci a gaban surukansa. In Baba ya je gaida Iya, mahaifiyar Mama, sai a kai masa kwano ɗakin baƙi, a ba shi haƙuri a ce ba yawa, a saki labule, kowa ya watse. Yaron da aka kama yana leƙe sai ya sha ranƙwashi. Bayan an jima a je a ɗauko kwano, kuma ko yunwa za ta kashe shi sai ya rage wani abu a ciki, don kada a ce ya zo da ciki. Shekara talatin Iya ba ta taɓa ganin bakin Baba yana motsi ba, in ba gaisuwa ba.

Dakta Lim ta tambaye ni a wace mujallar kimiyya aka buga wannan. Na ce Iya ba ta bugawa.

"Malu," in ji Pak Mat. Kalmarsu ce ta kunya. Ya ce shi ma shekararsa ta farko da aure, in sun je ƙauyen matarsa, a bayan masallaci yake cin ayaba. Ya ce a gwada, ai dama sai Litinin. Dakta Lim ta ɗaga kafaɗa ta ce ba abin da zai ragu, amma a ƙirga abin da aka zuba, a ƙirga abin da aka tarar.

Ina da turmin atamfa a ƙasan akwati, wanda Mama ta ba ni ban ɗinka ba, kore mai zanen tsuntsaye. Pak Mat ya sa na wanke ta sau uku don kada rini ya ɗiga a ruwa. Muka ɗaure igiya kewaye da tankin, muka rataye ta da maƙalan shanya. Ɗakin jinya ya koma kamar ana shirin kamu. Tun daga ranar sunansa ya zama Suruki, ko da yake Pak Mat bai taɓa iya faɗa daidai ba, da sunan wani babur na Japan yake kiransa.

Ranar Alhamis na ɗaga gefen atamfar, na zuba gutsure shida da ganyen latas, na ɗan rusuna. Tunda an ce a yi, na ga gara a yi shi cikakke. Na ce masa da Hausa, "Ga ɗan abin taɓawa nan. A yi haƙuri, ba yawa." Na fita da baya. Pak Mat ya ja ƙofa ya sa mabuɗi a aljihu, na koma kicin yankan abincin rana. Bayan awa ɗaya muka buɗe. Gutsure huɗu ne a ruwa.

Ranar Juma'a muka tarar da guda ɗaya tak. Ranar Asabar ma guda ɗaya, yana lilo shi kaɗai a tsakiyar tanki. Na ce wa kowa su duba, ya rage. Wannan ɗan gidan mutunci ne. Har na fara tsara yadda zan rubuta abin a turance, da sunan Iya a shafin godiya.

Dakta Lim ba ta yi murna ba. Ta ɗora shi a sikeli, nauyi bai motsa ba. Ta kwance matatar da ke ƙasan tanki ta zura hannu har gwiwar hannu, ko ruwa ne ke janye abincin, ba ta samu komai ba. Ta ce a aikinta abin da ido bai gani ba ba a rubuta shi. Na ce a wannan aikin kuma abin da ido ya gani ba ya faruwa. Muka tsaya muna duban juna ta saman takunkumi.

Ranar Lahadi aka yi ta dabaru. Da farko ta ce a huda atamfar. Na ce atamfar Mama ce. Muka daidaita a kan a huda daidai idon tsuntsu ɗaya, inda ba zai nuna ba. Dakta Lim, mai digiri uku, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti ta manna ido a idon tsuntsu. Ta yi minti goma, ta miƙe ta ce yana kallonta. Mataimakiyarta ta ɗaura madubin jaka a sandar goge ƙasa ta ɗaga ta saman labule, madubin ya suɓuce ya faɗa ruwa, aka yi rabin awa ana kamun madubi. Daga ƙarshe aka kafa waya a kan tsani tana ɗaukar bidiyo, kowa ya fita. Da muka dawo, gutsure shida suna nan yadda na zuba su.

Na ce ai ya san ana kallonsa. Dakta Lim ta ce ko kuma bai taɓa ci ba. Ta ce gobe da safe a shirya tiyo.

Litinin na iso na tarar da tiyon a kan tire, da sirinji, da abincin da aka niƙa ya zama kamar kunun da ba wanda zai sha. Pak Mat yana tsaye tsakanin tiren da ƙofa, yana goge hantsakin da ya riga ya goge.

"Kwana ɗaya kawai lah, Dakta," ya ce.

"Pak Mat, ni likita ce, ba uwar biki ba."

"Jiya kasuwa muka ci a kansa. Madubi, tsani, ido a labule. Yau a bar shi tun safe har la'asar, kada ko shara a shiga yi. Wayarki ta zauna. In bai ci ba, ni zan danne miki shi."

Ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba, kuma ina jin ita ma haka. Ta dubi agogo, ta ce ƙarfe huɗu, ko minti ɗaya ba za ta ƙara ba. Ni kuma na roƙi alfarma ɗaya, a rufa wa wayar asiri. Na sa ta a cikin kwandon da muke tsane latas, na yafa mata ɗankwalina, na bar 'yar kafa daidai idon kyamara. Na zuba shida da ganyen latas. Na ba shi haƙuri kamar kullum, na ƙara da cewa yau kam a daure.

Kallon bidiyon kunkurun da ba ya yin komai aiki ne da ban taɓa ganin an rubuta shi a takardar neman ma'aikata ba. Ƙarfe huɗu saura muka ɗauko wayar, muka zauna a kicin mu uku, kai a haɗe. Ba mu duba tankin ba, domin Dakta Lim ta ce ido kawai za ta yarda da shi, ba ƙirga ba. Awa ta farko yana fuskantar bango. Ta biyu ma haka. Tana ta jan bidiyon gaba da yatsa. A cikin awa ta huɗu ya juyo. Ya dubi labule ta dama, ya dubi ta hagu, kamar mai son tsallaka titi. Ya matso kusa da latas ya tsaya, har na fara zaton wayar ce ta maƙale. Sai ya miƙa wuya ya yage gefen ganyen.

Daga nan bai saurara ba. Ya bi sotong ɗaya bayan ɗaya, da ƙugunsa a sama, yana kai cizo yana kuskurewa yana sakewa. Ya cinye shida tas. Ya zagaya yana neman na bakwai.

Dakta Lim ta mayar da bidiyon baya sau biyu, sannan ta ciro biro ta rubuta. Ni abin da ya tsaya mini shi ne bai rage ko ɗaya ba. Na ce wataƙila ya fara zama ɗan gida. Pak Mat ya yi dariya har sai da ya cire takunkumi ya goge ido, abin da ban ga dalilinsa ba, don maganar ba ta kai haka ba.

Tace kashin kunkuru shi ne aikin da ya biyo baya, kuma ni aka ba. Kowace safiya in kwashe abin da ya sauka ƙasan tanki, in zuba a rariya, in sa ruwa ina motsawa da tsinke kamar mai neman zinare. Kwana goma sha ɗaya ba komai. A na sha biyu na samu shuɗin zare, da gutsuren ledar alawa, da 'yar robar nan da ake ɗaure bakin ledar shayi da ita a kanti. Na zagaya ofis-ofis da rariya a hannu ina nuna wa mutane, suna taya ni murna. Manaja da kansa ya sayo wa kowa shayi. Waɗannan abubuwa su ne a ƙaramar kwalbar da nake zagayawa da ita yanzu, wadda wasunku ke karɓa su shinshina kafin in faɗi daga ina suka fito.

Bayan haka ƙugun ya fara sauka, kullum kaɗan, kamar farashin tumatir in kaka ta yi. Muka mayar da shi tanki mai zurfi, da atamfarsa. Wata safiya na leƙa ta idon tsuntsu, Allah Ya yafe mini, na ga saman ruwa fayau ba kowa. Yana can ƙasa ya kwanta, ya tusa kai a ƙarƙashin bututu yana barci. Saura kwana biyar motar ta zo.

Mutum biyu aka yarda su raka shi, Dakta Lim ta ce in tafi da Pak Mat. Wannan ne karo na farko da na ga teku ba gilashi a tsakaninmu. Muka sauke shi a kan yashi, taku kaɗan daga ruwa. Ya ɗaga kai, iska na kaɗa masa, bai motsa ba. Ma'aikatan hukuma su huɗu sun kewaye shi da wayoyi. Minti biyar, minti goma. Sai na ce masa a gaida gida, na juya baya ina kallon itatuwan kwakwa. Pak Mat ma ya juya. Ma'aikatan suka dubi juna, ɗaya bayan ɗaya su ma suka juya, mu shida a jere mun ba teku baya kamar masu jiran a ɗauke mu hoto daga tudu. Da direba ya yi mana magana daga cikin mota muka waiwaya, babu komai sai sawu a kan yashi, kamar an ja buhu, igiyar ruwa tana share ƙarshensa. Direban kaɗai ya ga shigarsa. Ya ce ba wani abin kallo, shiga kawai ya yi.

To wannan shi ne aikin. Wanda har yanzu yake son gurbi ya zo da takalmin roba da mayafin da ba ya so.

Shekara uku bayan haka Pak Mat ya yi ritaya, muka kai shi cin abincin rana a wata rumfa a Kampung Baru. Aka ce kowa ya faɗi abin da ya koya a wurinsa. Da layi ya zo kaina na ba da labarin Suruki, na ce Pak Mat ne kaɗai ya yarda da hikimar Iya tun ranar farko. Ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya ce akwai gyara. Ya ce Alhamis da Juma'a da Asabar ɗin nan, da na koma kicin, shi ne yake buɗe ƙofa ya kwashe sotong da 'yar koma. Ya san kwana uku ba za su kashe kunkuru da yunwa ba, idanunmu ne suka dame shi. Amma da shi ya ce a bar dabba ta huta, tsoho marar takarda, da an sa tiyo tun Juma'a. Ni kuwa ina da digiri biyu da atamfa.

Na tambaye shi guda ɗayan da ake ragewa fa.

"Ke kika ce haka surukai suke yi," in ji shi.

Dakta Lim ta ajiye cokali ta ce sai an gyara fayil. Ni kuma na tambayi inda abincin ya tafi. Ya ce akwai wata kyanwa mai ido ɗaya da ke kwana a bayan kicin a lokacin. Kwana uku ina rusunawa ina ba da haƙuri cewa ba yawa, ashe ita nake ciyarwa, kuma a cewar Pak Mat ko sau ɗaya ba ta taɓa rage komai ba.